DARASIN ZAMA ƊAN ƘASA: YADDA AKE GYARA KUNDIN TSARIN MULKI

Ga mai jagora: An shirya wannan darasi domin a yi nazarinsa a rukuni, ko a zumuntar mata, ko ta matasa, ko a taron dattawa. Zai fi kyau a raba shi zama biyu. A sa mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a tsaya a ƙarshen kowane kashi domin tambaya. Inda akwai waɗanda Hausa ba ta ishe su ba, a juya musu da yaren gida. A tanadi tsakuwa 36 domin aikin da ke ƙarshe.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan nazari ana so kowa ya iya bayyana:
• menene kundin tsarin mulki, da abin da ya sa gyaransa yake da wuya;
• matakan da gyara yake bi kafin ya zama doka;
• inda majalisar dokokin jiharmu ta shigo, da abin da mu mutanen ƙauye za mu iya yi.

Gabatarwa

Kusan duk bayan zaɓe mukan ji a rediyo cewa an kafa kwamitin gyaran tsarin mulki. Yawancinmu mukan ce wannan maganar manya ce, su yi ta can a Abuja. Amma a cikin wannan kundi ne aka rubuta hanyar da kuɗin ƙaramar hukumarmu zai bi kafin ya iso. A ciki aka ɗaure dokar da ta shafi gonakinmu. A ciki 'yancinmu na yin sujada da taro yake. Babu kuwa gyaran da zai shiga kundin sai ya ratsa ta majalisun dokokin jihohi. Wato ɗan majalisar nan da ya zo neman ƙuri'a a ƙofar gidanmu, wanda muka san iyayensa, yana da hannu a ciki. In ba mu san lokacin da zai ɗaga hannun nan ba, zai ɗaga shi yadda wani ya gaya masa.

1. Menene kundin tsarin mulki?

Kowace ƙungiya mai tsari tana da ƙa'idodinta. Ƙungiyar manoma tana da takardar da ta faɗi wanda zai riƙe kuɗi, da shekarun da shugaba zai yi, da yadda za a sauke shi in ya ci amana. Ƙasa ma haka take. Takardar da ta faɗi yadda za a mulki Nijeriya ita ake kira kundin tsarin mulki. Wanda muke amfani da shi ya fara aiki ran 29 ga Mayu 1999, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta dokar soja mai lamba 24 ta shekarar 1999. An kasa shi babi 8, da sassa 320.

Sashe na 1 ya nuna cewa kundin yana gaba da kowa, har shugaban ƙasa da gwamna. Duk dokar da ta saɓa masa, ko ta Abuja ce, ko ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, ba ta da ƙarfi a daidai wurin da ta saɓa.

Mu ɗauki misalin ɗaki. Dokokin yau da kullum kamar jinka suke. In jinka ta fara yoyo, mutum huɗu ko biyar sun isa su sauke ta su ɗora sabuwa. Kundin tsarin mulki kuwa kamar harsashin ginin ne. Ana iya taɓa shi, amma sai an tara mutane da yawa an yi shawara, domin in aka yi kuskure ɗakin duka ne zai zube a kan na ciki. Shi ya sa da gangan aka sa gyaransa ya yi wuya.

2. Jiharmu tana da nata kundin?

A'a. A zamanin Jamhuriya ta Farko, ƙarƙashin tsarin 1960 da na 1963, kowane yanki yana da nasa kundin: Arewa da nata, Gabas da nata, Yamma da nata. Juyin mulkin 1966 ya kawo ƙarshen wannan. Tun daga kundin 1979, takarda ɗaya ce take ɗauke da tsarin tarayya da na jihohi gaba ɗaya.

Saboda haka shekarun da gwamna zai yi a kan kujera, da yawan 'yan majalisar jiha, da irin kotunan da jiha za ta kafa, har da sunayen ƙananan hukumomi, duka suna cikin kundin ƙasa ne. Jiha ɗaya ba ta da ikon canza ko kalma guda ita kaɗai. Amma jihohi in sun haɗu, suna riƙe da ɗaya daga cikin mabuɗan ƙofar.

3. Matakai biyar da gyara yake bi

Sashe na 9 ne ya shimfiɗa ginshiƙin hanyar. Ga yadda abin yake tafiya:

Mataki na ɗaya: ƙuduri. Wani sanata, ko ɗan Majalisar Wakilai, ko ɓangaren shugaban ƙasa, ya gabatar da ƙuduri a rubuce, ya faɗi sashen da yake so a canza da kalmomin da za a sa a madadinsa. Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowace takan kafa kwamiti, mataimakin shugabanta ne yakan jagorance shi.

Mataki na biyu: jin ra'ayin jama'a. Kwamitocin sukan zaga shiyyoyi shida na ƙasar nan su saurari mutane, su karɓi takardu. Kowace ƙungiya tana iya kai tata, ba sai tana da lauya ba.

Mataki na uku: ƙuri'a a Abuja. Dole kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa su amince. Sanatoci 109 ne, don haka sai an sami 73. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne, don haka sai an sami 240. A lura da kyau: ana lissafin ne da cikakken adadin kujeru, ba da waɗanda suka zo ranar ba. Ko kujerar wanda ya rasu ana lissafawa da ita. Ma'anar wannan ita ce, wakilin da ya ƙi zuwa ranar ƙuri'a daidai yake da wanda ya ce a'a. In wakilinmu ya ce mana, "Ai ban ƙi ba, ba na nan ne kawai," mu san cewa rashin zuwansa ma ƙuri'a ce.

Mataki na huɗu: majalisun jihohi. Abin da ya wuce a Abuja ana aika shi ga majalisun dokokin jihohi 36. Dole aƙalla 24 su amince. Ba a aiko musu don su sake rubutawa ba, nasu shi ne su ce i ko a'a. A nan ba a neman kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar, rinjaye kawai ya isa. Majalisun nan kuwa ƙanana ne. Kundin ya ce kada su kasa mutum 24, kada su wuce 40. Ta Filato 24 ce, ta Kaduna 34, ta Kano 40. Mutum ɗaya ko biyu suna iya juya matsayin jiha sukutum. Kundin bai sa wa jihohi wa'adin ba da amsa ba. In jihohi 13 suka ce a'a, ko suka yi shiru kawai har wa'adin majalisar tarayya na shekara huɗu ya ƙare, gyaran ya mutu.

Mataki na biyar: sa hannun shugaban ƙasa. An taɓa gardama ko wannan mataki dole ne. A Nuwamba 2010 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke cewa sai shugaban ƙasa ya sa hannu. Tun daga lokacin haka ake yi.

Akwai hikima a cikin lambar nan 24. Jihohin Arewa 19 ne, na Kudu 17. Arewa ita kaɗai ba ta kai 24 ba, Kudu ma haka. Kowane ɓangare yana iya hana gyara, amma babu wanda zai iya yin gyara shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai son canji sai ya shawo kan mutanen da yarensu da addininsu da yankinsu suka bambanta da nasa.

4. Ƙofar da ta fi ƙunci

Akwai wurare uku da aka ƙara wa tsaro: sashe na 8 mai maganar ƙirƙiro jihohi da gyaran iyakoki, da shi kansa sashe na 9, da Babi na 4 mai ɗauke da haƙƙoƙin ɗan adam. Kafin a taɓa waɗannan sai kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 88 da wakilai 288, sa'an nan jihohi 24.

Babi na 4 ya ƙunshi haƙƙin rai, da mutunci, da shari'ar adalci, da faɗin albarkacin baki, da yin taro da kafa ƙungiya, da zama a ko'ina cikin ƙasa, da mallakar fili ko gida. Sashe na 38 da ke cikinsa ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya ga dama, da canza shi, da yin sujada shi kaɗai ko tare da jama'a, da koyar da shi. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko addininsa, ko don shi namiji ne ko mace. An sa wa waɗannan mabuɗi mai nauyi domin kada masu rinjaye na yau su tashi rana ɗaya su ƙwace haƙƙin marasa rinjaye. Wannan kariya ta kowa ce, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, domin kowa yana da inda yake ɗan tsiraru a ƙasar nan.

5. Abin da ya riga ya faru

Ba a takarda kawai waɗannan matakai suka tsaya ba. An gwada su, wani lokaci ƙofa ta buɗe, wani lokaci ta ƙi.

A 2006 aka kawo ƙuduri guda mai ɗauke da gyare-gyare sama da 100. A cikinsu akwai wanda zai ba shugaban ƙasa da gwamnoni damar yin wa'adi na uku, abin da aka riƙa kira tazarce a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ran 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin baki ɗaya. Ƙuncin ƙofa ya yi amfani a ranar. Sai dai gyare-gyare masu kyau da aka ɗaure tare da shi su ma sun tafi. Wake ɗaya ya ɓata gari.

A ƙarshen 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya bai rubuta wa majalisa takardar miƙa aiki ga mataimakinsa ba. Ƙasa ta yi wata biyu da ɗoriya babu wanda ya san mai riƙe da ita a shari'ance. Wannan ya nuna akwai rami a sashe na 145. A gyaran 2010 aka toshe shi: in shugaba ya yi kwana 21 bai aika takarda ba, majalisa tana iya ba mataimakinsa riƙo. Wannan yana cikin gyare-gyaren farko da suka taɓa shiga kundin 1999, bayan ya yi shekara 11 yana aiki. Abin mamaki a wannan zagaye shi ne, an kai wa majalisun jihohi gyaran da zai sa su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamna ba, amma ba a sami jihohi 24 da suka amince ba. Sai a 2018 wannan gyara ya wuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana nauyin hannun gwamnoni a kan majalisun nan.

A 2015 wani babban ƙuduri ya wuce Abuja, ya wuce jihohi, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne, an taɓa sashe na 9 ba tare da an nuna cewa kashi huɗu cikin biyar sun amince ba. Aikin shekara huɗu ya tashi a banza. Daga nan majalisa ta koyi darasi, ta fara raba kowane gyara a ƙudurinsa daban, domin in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran.

A 2018 matasa suka ci nasara. Sun riƙa bin majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, suna bayyana wa duniya jihar da ta amince da wadda take jan ƙafa. Ran 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa suka sauka daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25.

Ran 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi ƙuri'a a kan ƙudurori 68, ta aika wa jihohi 44. Ƙudurorin da suka nemi a ƙara wa mata gurbi a mulki sun faɗi tun a Abuja, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Har watan Oktoba jihohi 11 ne kawai suka ba da amsa. Daga ƙarshe 35 suka sami amincewar jihohi 24, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 16 a Maris 2023. A cikinsu akwai waɗanda suka ba jihohi ikon yin dokokinsu a kan wutar lantarki, da jirgin ƙasa, da gidajen yari. Daga 68 zuwa 44, zuwa 35, zuwa 16: haka rariyar take tacewa.

6. Abubuwa biyu da suka fi shafar ƙauye

Kuɗin ƙaramar hukuma. Sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi ya shiga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Jama'a sun daɗe suna kuka cewa kuɗin yana maƙalewa a babban birnin jiha, shi ya sa ɗakin shan magani babu magani, rijiyar burtsatse in ta lalace babu mai gyara. Majalisar tarayya ta amince da soke wannan asusu fiye da sau ɗaya, amma duk lokacin da aka kai wa jihohi ba a samun 24. Haka ya sake faruwa a 2023. Masu adawa da gyaran suna da tasu hujja. Ƙungiyar malamai, alal misali, ta sha nuna tsoron cewa in kuɗi ya koma hannun shugabannin ƙananan hukumomi albashin malaman firamare zai shiga haɗari. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Amma aikin kotu fassara ne. Hukuncin bai goge kalmomin sashe na 162 ba, majalisu ne kaɗai za su iya wannan.

Dokar filaye. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin zama ta gargajiya. In gwamnati ta karɓi gona domin aikin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Sashe na 315 ya ɗaure wannan doka a jikin kundin, don haka ba a iya canza ta sai an bi hanyar sashe na 9, har da jihohi 24. A Yuli 2017 aka nemi a cire ta daga kundin, Majalisar Dattawa ta ƙi. Wasu suna ganin cire ta zai sauƙaƙa wa manomi samun takardar gonarsa har ya karɓi rance da ita. Wasu suna tsoron masu kuɗi za su sayi gonakin talakawa su ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ya kamata a fara ji a wannan magana.

7. Sabuwar jiha fa?

Al'ummomi da yawa suna neman jiharsu. Sashe na 8 ya ce sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun goyi bayan buƙatar, a majalisar tarayya, da majalisar jiha, da majalisun ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Sa'an nan a yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su ce i. Sa'an nan mafi yawan jihohin ƙasa su amince. Daga ƙarshe kashi biyu cikin uku na Dattawa da na Wakilai su amince.

Gwamnatin farar hula sau ɗaya ta taɓa raba yanki, lokacin da aka fitar da Yamma ta Tsakiya a 1963. Sauran duka sojoji ne suka yi: jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Don haka in ɗan takara ya yi mana alkawarin jiha, mu tambaye shi a wane mataki maganar take, da jihohin da ya riga ya shawo kansu.

8. Gyara, ko sabon kundi ɗungurungum?

Wasu suna cewa faci ya yi wa rigar yawa, a ɗinka sabuwa. Hujjarsu ita ce sojoji ne suka ba da kundin 1999, ba a taɓa tambayar jama'a ta hanyar ƙuri'a ba. Matsalar ita ce kundin bai tanadi hanyar da jama'a za su amince da sabon kundi ta ƙuri'ar raba-gardama ba. An yi babban taron ƙasa a 2005, an sake yin wani a 2014 mai wakilai 492 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi. Abin da irin waɗannan taruka suka fitar shawara ce. Ba ya zama doka sai ya bi ta sashe na 9.

Domin mu ga cewa akwai wata hanyar, mu duba Amurka, ƙasar da muka ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinta a 1979. A can kowace jiha cikin 50 tana da nata kundin, ban da na ƙasa, kamar yadda yankunanmu suke da shi kafin 1966. A dukan jihohin, in ban da guda ɗaya mai suna Delaware, gyara ba ya shiga kundin jiha sai an kai shi gaban masu zaɓe sun kaɗa ƙuri'a. A wasu jihohin talakawa da kansu suna iya fara gyaran. A Kalifoniya, in aka tara sa hannun mutane da ya kai kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, dole a sa maganar a takardar zaɓe. Amma wannan hanya ta ƙaramin gyara ce kawai. In tsarin za a sake daga tushe, sai ta hannun majalisa ko babban taro na musamman, sa'an nan jama'a su amince. A jihar Niyok kuwa, duk shekara 20 ana tambayar masu zaɓe ko suna so a kira taron sake kundin. An tambaye su a 2017, suka ce a'a.

Wannan hanya ma tana da nata aibi. Inda ƙofa take a buɗe ƙwarai, kundi yakan cika da tarkace. Na jihar Alabama na 1901 an yi masa gyara sama da 900 kafin a sake shirya shi a 2022. Masu kuɗi kuma suna iya kashe dukiya su ruɗi masu zaɓe. Bambancin shi ne, a can ɗan ƙasa yana kaɗa ƙuri'a a kan gyaran da hannunsa. A nan wakilinsa ne yake kaɗa masa. Shi ya sa sa ido a kan wakili ya zama mana dole.

9. Me za mu iya yi?

• Mu san sunan ɗan majalisar jiharmu, da na wakilinmu a tarayya, da na sanatanmu, da inda ofishin mazaɓar kowannensu yake.
• Mu riƙa sauraron rediyo domin sanin lokacin jin ra'ayin jama'a. Ran 10 ga Nuwamba 2012 an yi irin wannan zama a dukan mazaɓun tarayya 360. A 2025 ma kwamitocin majalisa sun zaga shiyyoyi, inda aka tattauna 'yan sandan jihohi, da kujeru na musamman domin mata, da sababbin jihohi. Tun ran gini ran zane: wanda bai yi magana a wannan mataki ba, gyaran zai iske shi a yadda wasu suka tsara.
• Mu rubuta ra'ayinmu a takarda ɗaya ko biyu. A faɗi sashen, a faɗi abin da muke so, a faɗi dalili daga abin da muke gani a ƙauyenmu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A kai kofi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi.
• Kada mu tafi mu kaɗai. Mu nemi mai unguwa da dagaci, da ƙungiyar manoma, da mata, da maƙwabtanmu Musulmi. Takardar da dukan gari ya sa wa hannu ta fi wuyar jefarwa a kwandon shara.
• In an aiko ƙudurori jiharmu, mu tura wakilai su tambayi ɗan majalisarmu yadda zai kaɗa ƙuri'a a kan kowanne. Bayan an yi, mu tambaye shi yadda ya kaɗa. A rubuta amsar a littafin ƙungiya, a ajiye ta har zaɓe ya zo.
• Mu yi hankali da jita-jita, musamman wadda take yawo a waya. In an ce za a canza kaza, mu nemi wanda zai karanta mana ainihin kalmomin ƙudurin kafin mu goyi baya ko mu tayar da hankali. Garin gyaran gira ana iya rasa ido.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ƙungiyarmu tana da ƙa'idodi a rubuce? Mutum nawa ake bukata kafin a canza su? Wannan adadi ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan?
2. Me ya sa aka fi tsananta hanyar taɓa Babi na 4? Wa zai fi cutuwa in aka sauƙaƙa ta?
3. A 2006 ƙuncin ƙofa ya hana tazarce. A 2023 ƙuncin nan ya hana gyaran kuɗin ƙananan hukumomi. Me wannan yake koya mana?
4. Me ya sa majalisar jiha za ta ƙi gyaran da zai ba ta kuɗinta a hannunta?
5. In an ba mu damar canza abu ɗaya tak a kundin, me za mu zaɓa? Wa zai yi adawa da shi, menene kuma hujjarsa?

Aikin rukuni

A zuba tsakuwa 36 a ƙasa, a raba su 19 da 17. A ce wa wani ya tara 24 daga tuli ɗaya kawai, kowa ya ga ko zai yiwu. Sa'an nan a haɗa su duka, a cire 13, a ƙirga abin da ya rage. Bayan haka rukuni ya zaɓi mutum uku, aƙalla ɗaya mace, ɗaya matashi. Kafin zama na gaba su binciko sunan ɗan majalisar jiharmu, da ranakun da ake samunsa a mazaɓa, da matsayin da majalisar jiharmu ta ɗauka a kan kuɗin ƙananan hukumomi a zagayen 2022 zuwa 2023. Su kawo wa taro rahoto.